ALLO DA ALLI A BADUN: INA 'YA'YAN SABO SUKA DOSA?

Daga Wakilinmu na Badun

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Sabo ta Ibadan, garin da mu Hausawa muke kira Badun, ya san ba shi da bukatar agogo. Da an sallame sallar asuba sai ka ji muryoyin yara sun tashi daga zauruka da barandar masallatai, kowa rungume da allonsa yana biya karatunsa. Kafin ƙarfe takwas kuma sai ka ji ƙararrawa daga makarantun boko da ke kewaye da unguwar, yara sun ja layi cikin kayan makaranta, malami tsaye a gabansu. Haka abin yake in ka nausa arewa ka bi hanyar Oyo, ka ratsa Ojoo da Sasa har Moniya da kasuwar shanu, watau ƙasar Ƙaramar Hukumar Akinyele, inda dubban mutanenmu suke zaune suna neman abinci.

To, jama'a, uban da yake zaune a nan shi ne a tsaka mai wuya. Malamin allo yana cewa a ba shi yaron, malamin boko yana cewa a ba shi yaron, kasuwa kuma ta buɗe baki tana jira. Na yi 'yan makonni ina zagawa tsakanin Sabo da Akinyele domin in gane abin da kowace makaranta take nufi da yaro, da dalilin da ya sa maƙwabtanmu Musulmin Yarbawa suka warware wannan ƙulli tun tuni, mu kuwa har yanzu muna ta kiki-kaka.

YADDA AKA YI SABO

Hausawa sun daɗe suna zuwa ƙasar Yarbawa fataucin goro da shanu. Da jirgin ƙasa ya iso Badun a cikin 1901, ya kuma kai Kano a cikin 1911, sai cinikin ya bunƙasa, baƙi suka yi yawa. A cikin 1916 aka keɓe musu wuri kusa da Mokola, aka sa masa suna Sabo, suka yi Sarkinsu da limaminsu da malamansu.

Wani malamin jami'a daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a cikin 1962 da 1963, ya kuma fid da littafi a kanta a cikin 1969. Ya tarar mutanen Sabo dubu huɗu ne da 'yan kai, amma cinikin shanu da goro na wannan yanki yana hannunsu. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda dukiya mai yawa take yawo tsakanin fatoma da dillali da mahauci a kan amana kawai, ba lauya ba banki. Ya kuma bayyana yadda jama'ar unguwar suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya rututu a farkon shekarun 1950, zamanin da sunan Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya game ƙasa, har suka tsai da Jumma'arsu a cikin Sabo. Tun daga nan darajar malami ta ƙara ɗaukaka a unguwar, makarantar allo kuwa ta zama ita ce katangar da ke tsare Hausanci da addini a baƙon gari.

ABIN DA ALLO YAKE NUFI

Ni ma da allo na fara, a wani gari na Arewa, kafin a sa ni firamare. Saboda haka da na zauna a zauren wani alaramma a Sabo sai na ji kamar ina gida. Yaro yana farawa da babbaƙu, yana kiran haruffa da sunayen da kakanninmu suka laƙaba musu, irin su alu da ambaki da mim jaye. Daga nan sai farfaru, watau wasula, sa'an nan ya fara haɗa baƙi. Ana rubuta masa Fatiha da gajerun surori, in ya iya ya wanke allo a yi masa ƙari. Haka zai yi ta hawa har ya kai izu sittin, a zayyana masa allo, a yi walimar sauka. Wanda ya ci gaba ya haddace ya kuma rubuta Alƙur'ani da ka, shi ne alaramma, a samansa kuma akwai gwani.

Mutanen da ba su san wannan makaranta ba sukan ce ai hadda ce kawai babu fahimta. Amma fa akwai hikima a bayan tsarin. A wurin malaman allo ilmi ibada ne, saboda haka niyya ita ce gaba da kome. Suna ganin zuciyar yaro ɗanya ce, abin da aka zuba mata da wuri shi ne yake zama, ma'ana kuwa tana zuwa daga baya a makarantar ilmi, inda malami yake fassara Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala kalma bayan kalma. Babu aji, babu jarrabawar ƙarshen shekara. Kowane yaro yana tafiya gwargwadon ƙwaƙwalwarsa, mai kaifin kai ba ya jiran kowa, mai nauyin kai kuma ba a korarsa. Manyan almajirai suna biya wa ƙanana, ta haka ɗalibi yake koyon malanta tun bai sani ba.

Babban jigon al'amarin shi ne albarka. Littafin nan na Zarnuji, Ta'alimul Muta'allim, wanda ake karantawa a zaurukanmu, kusan duk a kan ladabin neman ilmi da girmama malami yake magana. Shi ya sa almajiri yake ɗebo wa malam ruwa, ya share masa zaure, don yana ganin ilmin da babu yardar malami a kansa ba shi da amfani. Malam kuwa ba shi da albashi sai kuɗin Laraba da abin da Allah ya kawo ta hannun jama'a. Wannan tsari ba ƙarami ba ne. A cikin 1914 Gwamna Lugga da kansa ya ƙiyasta akwai makarantun allo wajen 25,000 a Arewa, da almajirai sama da 218,000.

Musulmin Yarbawa ma suna da irinta, suna kiranta ile kewu. Allo a wurinsu wala, malami alfa, walimar sauka kuma wolimo. In ka rufe ido a bakin ile kewu sai ka rantse a Fagge kake.

ABIN DA ƘARARRAWA TAKE NUFI

Makarantar boko ta shigo Badun ta hannun Turawan Mishan. A cikin 1853 wani Bajamushe mai suna David Hinderer da matarsa Anna, ma'aikatan Mishan na C.M.S., suka sauka a unguwar Kudeti suka buɗe makaranta a gidansu. Cikin yaran farko akwai 'ya'ya biyu na wani basarake mai suna Olunloyo. Daga zuriyar gidan nan ne aka sami Dokta Omololu Olunloyo, gwanin lissafin nan da ya yi Gwamnan Jihar Oyo a cikin 1983.

Manufar 'yan Mishan ita ce kowane mutum ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da harshen da ya sha a nono, ya kuma fahimci abin da ya karanta. Don haka suka duƙufa wajen rubuta harsuna da haruffan boko. Bishop Samuel Ajayi Crowther da abokan aikinsa suka juya littafin zuwa Yarbanci, na Hausa kuwa ya fito cikakke a cikin 1932, har yau Kiristoci 'yan Arewa da ke Badun da Hausa suke ibada. Bayan karatu da rubutu sai lissafi, domin Mishan tana bukatar malamai da akawuna, Gwamnati da kamfanonin Turawa su ma haka. Tsarinsu kuwa na agogo ne: ƙararrawa, aji bisa ga shekaru, rajista, jarrabawa, daga ƙarshe takardar shaida wadda za a nuna a sami aiki.

Sunan Akinyele ma da wannan tarihi yake tafe. Alexander Babatunde Akinyele, wanda ya yi karatu a Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo, daga baya ya zama Bishop, shi ne ya buɗe Ibadan Grammar School a cikin 1913, sakandare ta farko a garin. Ƙanensa Isaac Babalola Akinyele shugaban coci ne, marubucin tarihin garin, ya kuma yi sarautar Olubadan daga 1955 zuwa 1964. Da aka kirkiro ƙananan hukumomi a cikin 1976 sai aka sa wa wannan sunansa. Ashe ke nan ƙasar da mutanenmu suke cinikin shanu da tumatir da albasa a kanta, sunan gidan malaman makaranta take ɗauke da shi.

MAKARANTAR DA BA TA DA ALLO BA TA DA ALLI

Akwai ta uku, wadda mu baƙi ba mu cika kula da ita ba, ita ce ta masu addinin gargajiya. Malaminta shi ne babalawo, ma'anar sunan uban asiri, mu za mu ce masa mai duba. Ilminsa ana kiransa Ifa, an kasa shi babi 256 da ake kira odu, goma sha shida daga ciki su ne manya, kowane babi kuma yana ɗauke da baitoci da labarai masu yawa. Yaron da aka kai gidan babalawo yakan yi shekaru yana yi masa hidima, yana haddace baitocin nan daga baki zuwa baki, yana koyon sunayen itatuwa da magunguna, kafin manya su taru su gwada shi su sallame shi. Farfesa Wande Abimbola, wanda ya taɓa shugabancin Jami'ar Ife, ya tattara da yawa daga cikinsu a rubuce, a cikin 2005 kuma Hukumar UNESCO ta sa Ifa cikin muhimman abubuwan gādo na duniya.

Musulmi da Kirista ba su yarda da aƙidar da ke bayan Ifa ba, wannan a fili yake. Amma wanda yake so ya gane Bayarabe tilas ya san cewa daga wannan tsohuwar tarbiyya ce ya gāji kalmar omoluabi, watau mutum mai ladabi da gaskiya da kunya da ƙwazon aiki. Da alfa da fasto da babalawo duk da wannan kalma suke yabon yaro. Mu kuwa mutumin kirki muke cewa.

INDA SUKA HAƊU, INDA SUKA RABU

In mai karatu ya jera makarantun nan uku zai ga dangantakarsu ta fi yadda masu su suke zato. Dukkansu da hadda suke farawa, domin yaron Mishan ma da ka yake ɗaukar tambayoyi da amsoshin addininsa, da ka yake ɗaukar sau. Dukkansu sun ɗauki malami a matsayin uba. Dukkansu a dā sun yarda da bulala. Dukkansu kuma suna cewa ilmin da bai gyara hali ba wahalar banza ce.

Rabuwar tana wuri uku. Na farko, allo da Ifa suna cewa riƙe tukuna, fahimta tana tafe, Mishan kuwa tana cewa fahimta tukuna da harshenka. Na biyu, shaidar allo ita ce yardar malami da sanin jama'a, shaidar boko kuwa takarda ce mai hatimi. Na uku, allo bai yi wa kowa alkawarin albashi ba, boko kuwa da wannan alkawari ya ci kasuwa. Kowanne yana da inda yake tuntuɓe. Na san abokan karatuna da suka sauke Alƙur'ani amma ba su iya fassara abin da suke karantawa a salla ba. Na kuma san masu takardar sakandare irin tawa da ba su iya gai da babba ba, ba su kuma iya wata sana'a ba.

DABARAR MAƘWABTANMU

Tsoron da iyayenmu suka yi wa boko ba a banza suka yi shi ba. A ƙasar Yarbawa yara Musulmi da yawa sai da suka karɓi sunan Kirista kafin a ɗauke su a makarantar Mishan, waɗansu suka koma addininsu bayan sun gama, waɗansu kuwa tafiyar ke nan. Akwai kuma waɗanda suka shiga suka fito da addininsu lafiya, kamar Alhaji M.K.O. Abiola wanda ya yi sakandaren Baptist ta Abekuta.

Abin lura shi ne yadda Musulmin Yarbawa suka ɓullo wa lamarin. Sun ga in sun ƙaurace wa boko za a bar su a baya, in sun miƙa 'ya'yansu ga Mishan kuma akwai hatsari, sai suka ce bari mu gina namu. Tun a cikin 1896 Gwamnati ta buɗe wa yaran Musulmi makaranta a Ikko. A cikin 1923 waɗansu samari suka kafa ƙungiyar Ansaruddin a can Ikko, ba don kome ba sai don gina makarantun boko da yaro zai shiga da sunansa ya fito da sunansa. Nawairuddin ta biyo baya a Abekuta a cikin 1939. A nan Badun aka buɗe Islamic High School a Orita Basorun a cikin 1957.

Ta wajen Larabci ma sun yi gyara. Shehu Adamu Abdullahi na Ilori ya kafa Markaz a Abekuta a cikin 1952, daga baya ya mai da ita Agege, ya kawo aji da benci da allon bango da jarrabawa da takardar shaida cikin karatun addini. Shehu Murtala Abdussalami ya kafa irinta a Elekuro ta Badun a cikin 1958. Jami'ar Ibadan kuma, wadda aka buɗe a cikin 1948, ta kafa sashen Larabci da ilmin addinin Musulunci a farkon shekarun 1960. Watau sun ari ƙararrawa da alli daga Mishan, suka zuba musu nasu karatun.

Saboda haka ran 17 ga watan Janairu na 1955, sa'ad da Gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta fara ba da ilmin firamare kyauta, Musulmin Yarbawa a shirye suke. Yawan 'yan firamare a jihar ya tashi daga kimanin 457,000 a cikin 1954 zuwa sama da 811,000 a cikin 1955. Jikokin waɗannan yara su ne yau alƙalai da likitoci da shaihunan malamai a jami'a, kuma da yawansu ba su bar salla ba.

ME YA HANA MU?

Sabo tana tsakiyar wannan guguwa, amma mafi yawan gidajenta suka rufe ƙofa. Dattawan da na zanta da su sun ba ni dalilai, kuma ba na raina ko ɗaya. Akwai tsoron a sauya wa yaro addini. Akwai tsoron ya zama Bayarabe, tun da da Yarbanci ake koyarwa a ƙananan azuzuwa. Akwai kuma maganar ciniki, don a lokacin yaron da ya bi ubansa kara yakan tara abin da akawu ba zai tara ba. 'Yan mata kuwa su ne ƙafafun iyayensu mata da ke cikin kulle, in babu mai talla tukunya ba ta juyawa. Bugu da ƙari, kowa yana ɗaukar kansa baƙo mai shirin komawa gida, baƙo kuwa ba ya dasa itace.

To, ga shi an shekara ɗari da 'yan kai ba a koma ba. Akwai samari a Sabo da kakanninsu ma a nan aka yanke musu cibiya. Cinikin da aka dogara da shi kuwa ya sake fuska. Yau dillali yana karɓar kuɗi ta waya, yana cike takardar banki, yana jayayya da masu karɓar haraji, in rigima ta taso kuma sai an nemi lauya. Wani dattijo a kasuwar shanu ya gaya mini cewa abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ya kira yaron maƙwabci ya karanta masa saƙon kuɗinsa, watau sirrinsa yana hannun wani.

Gaskiya ne an sami canji. Tun da Gwamnatin Tarayya ta fara shirin U.P.E. a cikin 1976 yaran Sabo suka fara shiga firamare da ɗan dama. Yanzu akwai makarantun Islamiyya a Sabo da Sasa da Ojoo, akwai 'ya'yanmu da suka gama jami'a, har da mata. Amma in ka ratsa kasuwannin Akinyele da hantsi za ka ga yaran da ya kamata a ce suna aji suna dako ko tura baro, waɗansu kuma an kawo su ne daga Arewa da sunan karatun allo, allon ma ba su samun sukunin riƙewa. A cikin 2022 Hukumar UNESCO ta ƙiyasta yara da matasa kimanin miliyan 20 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya. A cikin 2023 aka yi dokar kafa hukumar kula da ilmin almajirai. Amma hukuma tana Abuja, yaron kuwa yana Sasa.

Wanda ya yi ƙoƙari ya gama sakandare shi ma yana da tasa matsalar. In ya tashi neman aikin Gwamnati ko shiga wata makaranta sai a ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukumarsa, sai ka ga yaron da bai taɓa tsallake Jebba ba ya shiga mota ya tafi neman garin kakan kakansa.

RIGIMAR DA BA TA ƘARE BA

Kada mai karatu ya ɗauka maƙwabtanmu sun gama da tasu. Gwamnati ta karɓe makarantun Mishan da na ƙungiyoyin Musulmi a cikin shekarun 1970, amma gardamar wace addu'a za a yi da safe, da wane kaya za a sa, tana nan. A cikin 2017 aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan haɗa darasin addinin Kirista da na Musulunci a ƙarƙashin fanni ɗaya, har aka koma aka raba su. A watan Nuwamba na 2018 rikicin hijabi ya sa aka rufe sakandaren Jami'ar Ibadan na ɗan lokaci. A watan Yuni na 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa 'yan mata Musulmi suna da ikon sa hijabi a makarantun Gwamnatin Jihar Ikko.

Akwai abin da ya kamata kowane uba ya sani. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon wani addini ko shiga ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su yarda da ita ba. Wannan kariya ta kowa ce, da ɗan Musulmi da ɗan Kirista da ɗan mai gargajiya. Abin da kakanninmu suka ji wa tsoro yanzu doka ta yi masa linzami, sai dai linzamin ba ya aiki a hannun wanda bai san da shi ba.

Ba za mu manta da abin da ya faru a kasuwar Sasa a watan Fabrairu na 2021 ba. 'Yar hatsaniya ce tsakanin mutum biyu ta zama gobara, aka yi hasarar rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje, har Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, gwamnonin Arewa suka zo jaje. Dalilan rikicin suna da yawa. Amma ni a ganina yaran da suka zauna benci ɗaya, suka ari fensirin juna, suka san abin da ke hana wancan cin abinci a watan azumi da abin da ke kai wannan coci ran Lahadi, da wuya a zuga su su cinna wa gidajen juna wuta.

SHAWARA

Yaron Sabo yana da arzikin da yaron Kano ba shi da shi. Hausa a gida, Yarbanci a titi, Larabci a allo, Turanci a aji. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ife a cikin 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci duk tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi, aka ga sun fi takwarorinsu ganewa. Wannan darasi ne ga malaman boko da na allo baki ɗaya. Me zai hana a riƙa gaya wa yaro ma'anar gajerun surori da Hausa tun yana ƙarami, hadda na tafiya fahimta na biye?

Allo da alli ba kishiyoyi ba ne in an raba musu kwana. Asuba da yamma na allo, safiya ta boko, ranakun hutu kuma yaro ya koyi sana'a. Alarammomi su karɓi rajista da tsabta da sanin inda kowane almajiri yake kwana. Malaman boko su kuma su karɓi haƙurin allo da yaro mai nauyin kai, da kusancin malami da ɗalibi. 'Yan mata kada a bar su da faranti a ka, domin tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu karatun mata ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Magana ta ƙarshe ga sarakunanmu da attajiranmu na Sabo da Sasa da Akinyele. Waɗanda suka kafa Ansaruddin ba su fi ku dukiya ba. Da za a sa ɗan wani abu a kan kowace saniya da kowace motar kayan gwari da ta sauka, a damƙa wa amintattu, da an gina makarantar da yaro zai sauke Alƙur'ani ya kuma fito da takardar sakandare, ƙofarta a buɗe ga 'ya'yan maƙwabta. Amanar da ta riƙe cinikin shanu shekara ɗari ba takarda za ta iya riƙe makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaran da ke dako yau kuwa ba za su jira mu gama shawara ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu, amin.